Ba Wanda Aka Yanka a Filin Guci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka Damagaram lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka sauka. Na ba innarka wannan takarda ta sa maka a ƙasan jaka, domin na san halina. In na tsayar da kai a gabana zan faɗi abin da ke cikinta, muryata za ta ɗaga, kai kuma ka sunkuyar da kai kana jiran in gama. Rubutun na wanda ya bar lakkwal a aji biyar ne, ka yi haƙuri da shi, amma ka karanta har ƙarshe.

Ba ni da labarin gida da zan ba ka. Fushi nake da kai, kuma ba na so ka tafi kana tsammanin ya wuce.

Ranar wasan ƙwallon samarin garinmu Guci da na Dogo-Dogo, a filin bayan lakkwal, ina zaune a kan benci. Kusa da ni Malam Ado ne, manomin Dogo-Dogo da ya fi shekara ashirin yana kawo mini riɗinsa ina saye. Takanas ya hau jakinsa ya zo, saboda ɗansa Hamisu ne ke tsaron raga. Da aka miƙa maka mikiro don ka riƙa ba da labarin wasan a lasifika, na ji daɗi, har na taɓa shi na ce, "Wancan mai maganar nawa ne." Ya ce, "Masha Allah. Allah Ya yi masa albarka."

Da Guci ta ci ƙwallon farko ka ce an soke su a ciki. Da ta ci na biyu ka ce an kwantar da Dogo-Dogo, a miƙo wuƙa. Da ta ci na huɗu ka kira sunan yaron, ka ce Hamisu gawa ne, a nemo makara, a tura masu haƙa rami. Fili ya ɗauka da dariya. Wasu samari suka sungumi benci, suka shimfiɗa riga mai launin ta Dogo-Dogo a kai, suka saɓa a kafaɗa suna zagaya fili suna salati kamar masu kai mamaci. Kai kuma kana bin su da murya a lasifika.

Malam Ado ya miƙe ya kwance jakinsa. Na bi shi ina ba shi haƙuri, ina cewa yara ne. Ya dube ni ya ce, "Malam Haruna, ni na taɓa bin makarar ɗa. Yayan Hamisu ne. Ba haka take ba." Ya hau ya tafi.

Sauran ka sani. Jifa ya kaure, aka fasa wa wani kai, aka ɗora shi a moto zuwa likita a Dungass, jandarma suka zo suka watsa mutane. Abin da ba ka sani ba shi ne kasuwa uku ke nan Malam Ado yana wucewa ta gaban rumfata, ya yi sallama ga maƙwabcina, ni ya kau da kai.

Da na yi maka magana ka ce, "Baba, ai salon zance ne kawai. Kowa haka yake faɗa. Ba wanda ya ɗauka yanka na gaske ake nufi." Sai ga shi muryar tana yawo a wayoyin mutane, har ta kai kunnen wani mai gidan rediyo a Damagaram, ya kira ka ya ce irin wannan bakin yake nema, ka zo ka riƙa ba da labarin wasanni kana yi wa 'yan kasuwa talla. Wato abin da ya sa na kasa ɗaga kai a kasuwa, shi ne ya sama maka aiki. Ban hana ka tafiya ba, aiki ne na halal in ka riƙe shi da kyau. Amma wannan "salon zance ne kawai" ni ma na faɗe shi, ba sau ɗaya ba, kuma zan gaya maka inda ya kai ni.

Ka san na yi kokawa, ka ga layu da warkin da ke cikin akwatina. Ba ka san dalilin da ya sa na bari ba, don na ce muku ciwon baya ne. Ƙarya na yi muku.

Ina da shekara kamar naka, bayan an gama kaka, mukan bi garuruwa muna kokawa. Muna da makaɗi, Na-Malle, shi ya sa mini suna Gatari. Da na shiga fili sai ya ɗaga murya: Gatari ba ya kayarwa sai sara, wanda ya kama shi ya yi sallama da gida. Ban taɓa sarar kowa ba a lokacin, kayarwa nake kamar yadda kowa ke yi, amma na fara jin kunyar kayarwa kawai. Sunan ya fi abin da nake yi girma, sai na shiga neman yadda zan cika shi.

Wata la'asar a Mallawa aka haɗa ni da Ibro. Ba baƙo ba ne a wurina. Tare muka yi cirani biyu a Kano, tabarma ɗaya, ƙwarya ɗaya. Muka kama, muka daɗe, sai na samu ƙafarsa. Gwiwarsa da hannunsa suka taɓa ƙasa. A ƙa'ida kaye ya tabbata, alƙalin wasa har ya taso. Ibro ya sassauta jikinsa, don ya san an gama. Amma ganga ba ta tsaya ba, mutanenmu kuma suna ta ihu: karya shi, Gatari, kashe shi. Na ɗaga shi sama, mutumin da ya riga ya saki jiki, na buga shi a kan kafaɗa. Na ji ƙarar a cikin ƙirjina.

Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, hannun bai dawo ba. Ya shanye. Mutumin da ke nome gonar ubansa shi kaɗai ya koma riƙe hauya da hannu ɗaya. Da na je gaishe shi yana jingine a zaure, bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Haruna, ai hannuna ya riga ya taɓa ƙasa. Ba ka gani ba ne?" Na ce ban gani ba. Ya ce, "To." Na gani, Nasiru. Shi ma ya san na gani.

Abin da har yau yake ƙona mini rai, sati biyu bayan haka muka je wani gari, Na-Malle ya ƙara sabon baiti a kirarina, wai Gatarin da ya cinye hannun Ibro. Na shiga fili na taka rawa a kai. Mata na guɗa, ana liƙa mini kuɗi a goshi. Sai da na kai shekara guda ina cin sunan nan kafin wata rana na ga Ibro a kasuwa, matarsa na ɗaura masa mazagin wando a bayan rumfa, don ba ya iyawa. Daga ranar ban sake sa warki ba.

Na-Malle bai taɓa kama kowa ba. Hannunsa bai taɓa jikin Ibro ba. Ya rataya gangarsa ya koma gida, ya samu wani ɗan kokawar ya ci gaba da yi masa kiɗa. Waɗanda suka yi ihun karya shi, in ka tambaye su, za su ce maka ba karyawa ta gaske suke nufi ba. Ni ban ɗora musu laifina ba, ni na ɗaga shi. Amma ka sani, yanzu kai ne mai gangar, kuma taka ta fi ta Na-Malle nisa, don har cikin ɗakunan mutane take shiga. A cikin masu jin ka akwai wani yaro mai ƙarfi da ƙaramin hankali, kamar yadda nake a da, wanda zai ɗauki maganarka ya nemi cika ta da hannunsa. In ka ce a karya, ka sa a ranka akwai mai karyawa.

Za ka ce wannan ƙuruciya ce da zafin fili. To, ga wanda na yi ina da gemu, ina da 'ya'ya, ina sallah a sahun gaba.

Kana ƙarami lokacin, ba za ka tuna Sabi'u da kyau ba. Ɗan Gwaggo Hajara ne, ƙanwar mahaifina, wadda ta goye ni bayan rasuwar uwata. Nono kawai ne ba mu haɗa da shi ba. Ya yi shekaru a Najeriya yana aiki a wurin wani mai sayen riɗi, ya dawo da ɗan abin da ya tara, ya shimfiɗa tabarmarsa a kasuwar Guci, tsallaken rumfata. Kafin ya shimfiɗa sai da ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina so in gwada sana'arka. Ka sa mini albarka." Na sa masa, da baki.

Yaron yana da fara'a, kuma ba ya danna tiya in yana awo. Mata masu kawo riɗi kaɗan kaɗan suka fara tsallakawa wurinsa. Ban rasa abinci ba, buhunana suna cika, sai dai ba da saurin da ba. Da an bar ni da zuciyata, mai yiwuwa in gyara awona in saki fuska, shi ke nan. Amma akwai fadar da muke shan shayi bayan an tashi kasuwa. Kullum na zauna sai wani ya ce, "Gatari, an shigo maka gida da yaƙi." Wani ya ce, "Yaron nan zai sha jininka yana murmushi." Wani ya ce, "Kasuwa fagen fama ce, in ba ka kashe ba a kashe ka." Rannan na ajiye kofi na ce, "Ku ba ni kaka ɗaya, sai na binne shi." Aka tafa, aka ƙara mini shayi.

Ka lura, Nasiru, har zuwa wannan rana Sabi'u ƙanena ne da ya buɗe sana'a. Daga ranar da na kira abin yaƙi, sai duk abin da ake yi a yaƙi ya zama daidai a idona. Na riƙa tura mutane su tare amalanke a hanyar Dogo-Dogo da ta Mallawa, su saye riɗin tun bai iso kasuwa ba. Na sa aka baza cewa tiyarsa an bubbuga mata gindi, ta fi ta kowa zurfi, alhali na san ta fi tawa gaskiya. Sannan na je wurin mai kamiyon, babbar motar da ke kwashe mana kaya zuwa tsallaken iyaka, na ce ya zaɓa, ko nawa ko na Sabi'u. Nawa ya fi yawa, ya zaɓe ni. Duk wannan ban taɓa kiransa ƙarya ko zalunci ba. Dabarar yaƙi nake ce masa, a fada kuma ana ce mini gwarzo.

Buhunan Sabi'u suka zauna a ɗaki har ruwa ya sauka, danshi ya shige su. Ya zo wurina sau ɗaya. Ya ce, "Yaya, an ce kai ka hana a ɗauki kayana. Na ce ba zai yiwu ba." Na ce masa, "Kasuwa ce, Sabi'u. Ba ta san ɗan'uwa ba." Ya dube ni ya ce, "Allah Ya ba da sa'a." Ranar da ya naɗe tabarmarsa, mutanen fada suka ce an yi jana'iza, saura sadakar uku. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Bai iya zama a garin ba, don duk inda ya bi ana nuna shi da mai tiyar cuta. Ya bi masu tafiya arewa haƙar zinariya. Shekara ta farko yana aiko da saƙo, ta biyu sau ɗaya aka ji muryarsa, daga nan shiru. Wasu sun ce rami ya rufta da mutane a inda yake, wasu sun ce an gan shi ya ƙara gaba. Har yau ba mu yi masa sallah ba, ba mu kuma daina jiransa ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina tsakiyar awo, sai ga Gwaggo Hajara da sandarta. Ba ta zuwa kasuwa, ƙafa ta hana ta. Mutane suka buɗa mata hanya. Na taso zan durƙusa, ta ce in tsaya a inda nake. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk layin ya ji. Ta ce, "Haruna, an gaya mini tun tuni ka ce za ka binne mini ɗa, kuma an ce ka binne. Na yi shiru, na ce maganar maza ce a wurin shayi. Yanzu na gaji da jira. Nuna mini inda ka binne shi, in san ya mutu, in huta."

Na buɗe baki in ce mata magana ce kawai, Gwaggo, salon zance ne. Ba ta tsaya ta ji ba. Matar da ta goye ni ta juya ta tafi, kuma daga ranar duk kwanon da innarka ta aika mata, haka yake dawowa a rufe. A kan haka ta rasu. Kun sha tambaya me ya sa ba a aikenku gidanta da abincin sallah. Ga dalilin.

Shi ya sa da na ji irin tallan da mai rediyon nan ya aiko maka ka gwada, raina ya ƙara ɓaci. Wai shagon wane ya karya kasuwa, ya kashe masu tsada, sauran 'yan kasuwa su nemi likkafani. Su waye masu tsadar? Ba mutanen layin ba ne, masu sallah a masallaci ɗaya da shi, waɗanda 'ya'yansu ke cin abinci daga shagunan? In mutum ya biya ka ka tallata kayansa, ka faɗi kyan kayan, ka faɗi sauƙinsu, ka faɗi inda shagon yake, ka sa gishiri yadda kake so. Kada ka ɗauki bakinka haya ga mai son a ji ya kashe maƙwabcinsa. Yau yana faɗa a rediyo, gobe zai ji kunyar ganin maƙwabcin yana buɗe shago, ya shiga neman yadda zai cika maganarsa. Na san wannan hanya taki taki.

Kada ka ɗauka ina cewa a daina gasa. Ni har gobe ina son in fi kowa awo a kasuwar nan, kuma da Guci ta ci ƙwallon farko sai da na miƙe tsaye. Ba kuma ina cewa ka yi magana lami kamar mai karanta sanarwar ɓatan akuya ba. Allah Ya ba ka baki, na yarda, ko a fushin nan na san ba kowa ke iya riƙe fili da murya ba. Amma Hausa ba ta talauce ba. Kana iya cewa an kayar da su, an sha gabansu, an bar su a baya suna haki, an ɗaure musu ƙafa, an sa mai tsaron raga ya bi iska. Kana iya cewa yau ba ranarsu ba ce. Duk wanda aka kayar zai tashi ya karkaɗe riga, ya dawo wani satin, ku sake samun abin faɗa. Me ya kai ka ga wuƙa da makara? Lalaci ne, Nasiru. Su ne kalmomin da suka fi saurin sa taro ihu, shi ya sa duk wanda ba ya son wahalar neman magana yake fara cafko su.

Kuma ka tuna ƙasar da kake magana a cikinta. Akwai mutanen da suka baro garuruwansu a gabas saboda an yanka musu 'ya'ya, yanka na gaske, wasunsu suna zaune a Damagaram ɗin da za ka. Suna da rediyo. Suna kunna labarin ƙwallo ne don su ɗan manta. Kai kuma ka zo musu da an yanka, an feɗe, kana dariya. Wannan ko ba wanda ya jefi wani, rashin kunya ne.

Idan mai gidan rediyon ya matsa maka, ka gaya masa cikin ladabi cewa za ka cika masa shirin da masu saurare ba tare da ka kashe kowa ba, ya ba ka wata ɗaya ya gani. In ya ce shi sai jini, ka ɗauko jakarka ka dawo. Gona tana nan, rumfa tana nan, ba wanda zai ce ka kasa. Kuma kafin ka saba da garin har ka manta, ka nemi lambar Hamisu ka kira shi. Kada ka ce masa in ransa ya ɓaci ya yi haƙuri. Ka ce masa ka yi laifi. Ni sau biyu ina da damar faɗin wannan kalma, na tsaya neman wata mai sauƙi, har lokacin ya wuce.

An ce shirinka ranar Lahadi ne bayan la'asar. Na sa an gyara tsohuwar rediyon gida, zan ajiye ta a ƙofar gida inda dattawan unguwa ke zama. Zan ce musu ɗana ne, kamar yadda kowane uba zai ce. In na ji ka kira wani ɗan mutane gawa, a gabansu zan miƙa hannu in kashe ta, kuma ba zan sake kunnawa ba. Kada ka sa ni yin haka, don ba abin da nake so kamar in ji muryarka har ƙarshen shirin.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka shiga aiki, kada ka zauna da shayi kawai. Ƙannenka duk suna gaisuwa. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka gaida mai masaukinka da iyalinsa.

Allah Ya tsare ka a tafiyarka da zamanka, Ya tsare mutane daga harshenka, Ya tsare ka daga nasu. Allah Ya yafe mini abin da na gaya maka da wanda na kasa rubutawa. Ya dawo mana da kai lafiya, kana iya shiga kowane gari ka zauna a kan kowace tabarma ba tare da wani ya tashi ba. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Haruna, Guci.